Ban-ruwan Murya

A bayan gidanmu na Gangare akwai wani ɗaki,
taku huɗu, rufin kwano, taga ɗaya.
Nan Kawu Sallau ya jibge duniya
a kan tsohon teburin tela.

Shekara talatin yana hawa turakun tarho,
da ya sauko sai ya kafa eriya a kan mangwaro.
Ya ce da ni, "Tanimu, sauti ruwa ne.
Je ka bakin kududdufin kuza ka ga masu lambu,
yadda suke buɗe wannan fangali, su toshe wancan
da dunƙulen laka guda.
Ka sake shi gaba ɗaya,
kabeji ya ruɓe, karas ya mutu da ƙishi."

Haka na koyi akwatin nan mai maɓalli goma sha biyu,
na tara ya karye, murfin biro ke riƙon ƙwarya.
Makirufo ta ƙofar farko yake shigowa.
Jar waya ta kai magana injin aikawa,
baƙa ta dawo da abin da sama ta bayar.
Kunnen hagu na mutanen nesa,
na dama na su Bukuru.
Kowace waya da sunanta a wuya,
ajami a kan filasta,
don kada in haɗa baki da kunne.

Na kuwa taɓa haɗawa.
Lasifika ta ji kanta, ta ƙwala ihu
har kajin Inna suka haura katanga.
Kawu ya zare wayar, bai ko dube ni ba:
"Mai sauraron kansa kaɗai, ƙarshensa kururuwa."

Akwai wani gurnani da ya sauka mana wata biyu,
baƙon da bai san hanyar gida ba.
Muka sake waya, muka naɗa ta a baƙin zobe sau bakwai,
yana nan.
Ashe ƙasa ce ba ta karɓe mu ba.
Jos dutse ce.
Davou maƙwabcinmu ya zo da diga,
muka binne sandar tagulla cikin gishiri da gawayi,
muka ba ta ruwa kamar dashe.
Daren nan shirun da ya fito
har sai da na leƙa ko wuta aka ɗauke.

Bara da damina ciwo ya taɓa masa harshe.
Muryar da ke tsallaka teku ta koma zare.
Ranar da ya nuna ɗakin da sanda,
na murɗa ƙarfin makirufo har ƙarshe,
sai ga injin niƙan Hajara, ga ruwa a kan kwano,
ga tarin akuya, duk sun riga shi shiga.
Ya girgiza kai. Yatsa ya yi ƙasa: rage.
Yatsa ya lanƙwasa: matso.

Na rataye bargo a bango,
na kashe fanka,
na kawo makirufo har ya taɓa furfurar gemu.
Na datse kaurin sauti,
na buɗe tsakiya, inda baƙaƙe ke zama.

Ya kira.
Allura ta motsa, ɗan motsin gashin ido.
Ya sake kira.
Sama na ta ƙara, kamar ana suyar gyaɗa cikin yashi.

Can sai baƙar waya ta ɗauko wani abu.
Daga gefen abin kunnensa na tsinci sunansa,
a bakin da bai taɓa iya faɗinsa daidai ba,
shekara goma sha tara ke nan:
"Salo? Salo, kai ne?"

Na juye muryar ta cika kunnuwansa biyu.
Hannuna na kan maɓallin lasifika,
taɓawa ɗaya, ni ma in ji.
Na dubi gefen bakinsa da ya daɗe bai motsa ba
yana ƙoƙarin tashi.

Na janye hannu.
Wannan ruwan na fangalinsa ne.
Na fita duba ko iska ta karkatar da eriya.